Babur ɗin Malama Ya Ƙi Tashi

A duk layin nan babu wanda ya san sunansa na gaskiya sai mai gidan da yake haya, shi ma don yana rubuce a takarda ne. Kowa Tartsatsi yake ce masa, da furfura ta cika masa kai kuma aka ƙara masa Baba a gaba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara arba'in yana gyaran wutar ƙananan babura, irin waɗanda ake kira roba-roba, kuma duk wanda ya turo masa babur yana haki yana zuba bayani, wai jiya lafiya lau ya ajiye shi, wai ƙila fetur ne, ƙila batir ne, ƙila ma hannu aka sa masa, amsa ɗaya yake samu: "Bari mu ga tartsatsi tukuna."

Sai ya kwance fulogi, ya mayar masa da hularsa, ya jingina bakinsa da jikin injin, ya ce wa mai babur ya taka kik, sandar tayar da injin da ƙafa. In wuta ta fito shuɗiya tana ƙyas-ƙyas, sai ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Ba aikina ba ne, je ka wajen bakanike." In ta fito jaja-jaja kamar ba ta so, ya ce wa mutum ya nemi wuri ya zauna. In kuwa ba ta fito ba sam, to a nan ne za ka ga haƙoransa, don babu abin da ke faranta masa rai irin wutar da ta ɓace.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, matsattse, in ya miƙa hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Wayoyi na rataye a ƙusoshi, kowane launi da ƙusarsa. Ga tsohuwar mitarsa mai allura, ga gwangwanin madara cike da fiyus, ga kujerar da aka ɗaure mata ƙafa da waya. Yana da wata ɗabi'a da ake gane aikinsa da ita ko a ina: in ya gama naɗe waya da salatif, sai ya lanƙwasa ƙarshen ya bar ɗan kunne, don wanda zai kwance nan gaba kada ya sha wahala. Kuma yana da ƙa'ida guda da ba ya tsallakewa. In babur ya ƙi ba da tartsatsi, kafin ya zargi komai sai ya fara zare baƙar wayar nan mai ratsin fari daga jikin sidiyai, wato ɗan baƙin akwatin da ke tara wuta ya sake ta a kan lokaci. Ita wannan waya aikinta kashe injin: in ka murɗa makulli ka kashe, ita ke kwashe wutar ta zubar a jikin ƙarfen babur. In ta gogu ta taɓa ƙarfe a wani wuri, ko wani ɗan ka-fi-kowa-iyawa ya yi mata jone-jone, ko ka taka kik har ƙafarka ta kumbura babur ba zai ce uffan ba. Yakan ce, a cikin babura goma da ake kawo masa, bakwai ba wayar ce ta lalace ba, wani ne ya sa mata hannu.

Mutum ne mai jin maganar injin fiye da ta mutane. Wannan ba zagi ba ne, matarsa ce ta fara faɗa, kuma a gabansa ta faɗa. Malama ake ce mata, don shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji biyu. Ita kam baki gare ta, tubarkalla. In ta dawo daga makaranta, tun daga ƙasan benen gidan da suke haya ake jin ta, ta hau tana ba shi labarin yaron da ya haɗiye murfin biro da uwar da ta zo yi mata rashin kunya, shi kuwa yana duƙe a kan wani abin da ya kwaso daga shago, yana cewa "uhm" a inda ya dace da inda bai dace ba. In ta gaji sai ta ce, "Injiniya, da ni kwayil ɗin babur ce da tuni ka san abin da ke damuna." Ya yi murmushi, ya ci gaba da abin da yake yi. Yana son ta, kada wani ya ce ba ya son ta. Sai dai ya ɗauka cewa tana nan, kamar yadda bango yake nan.

Tana da ɗan babur shuɗi da ta yi shekara goma sha biyar tana hawa. A lungun ƙasan benensu take ajiye shi, dab da matakala. Wata Laraba da yamma, shekara biyu ke nan, yana zaune a kan matakalar yana yi wa mitarsa dalma, sai ya ji shigowarta. Ya ɗaga kai. Ya ga ta tsaya, ta kashe babur, sannan ta sunkuya a kan gabansa, goshinta ya kusa taɓa kan babur ɗin, hannunta ɗaya a ƙasa, ta ɗan jima a haka. Ya ce a ransa, matar nan wani abu na yi mata ciwo. Amma ƙarfen dalma ya yi zafi a hannunsa, ya ce bari ya ƙarasa wannan ɗigon. Kafin ya ƙarasa ta hauro da kanta, tana cewa kanta kamar zai rabe. Kafin rana ta faɗi suna asibiti. Kwana uku ta yi a can, ba ta dawo ba.

Tun daga ranar wannan sunkuyon bai bar shi ba. Yana cin abinci ya gan shi, yana ɗaure waya ya gan shi. Ta sunkuya don ciwo, yana kallo, bai tashi ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko 'ya'yansa. Maza biyun suna nesa, sai dai waya jefi-jefi. Auta, ita kaɗai mace, tana can ɗaya gefen gari da mijinta, tana aiki a wani kantin magani, mota biyu take shiga kafin ta isa. Shi kuwa ya rage daga shi sai ɗaki biyu da rediyon da ba ya kunnawa. Babur ɗin ya lulluɓe shi da tamfol a inda ta bar shi. Da safe in zai fita ya dafa sirdin ta saman tamfol ya ce, "Na fita." Da yamma ya dafa ya ce, "Na dawo." Mutumin da matarsa ta yi shekara talatin da biyar tana roƙon ya buɗe baki, yau ga shi yana yi wa tamfol sallama.

Ana nan sai mai gidan haya ya zo da magina da igiyar awo. Zai toshe lungun ya mayar da shi shago, ranar Asabar za a fara, duk abin da ke ciki a kwashe. Babur ba ya hawa bene, shagon Baba Tartsatsi kuwa in aka kwana da babur a ciki ƙofa ba za ta rufu ba. Auta ta zo ranar Lahadi, ta tsaya a gaban tamfol ɗin ta riƙe ƙugu, sak uwarta.

"Baba, mu yi magana ta gaskiya. In zai tashi, ni ina so, na huta da rububin mota. In ba zai tashi ba, ba ni da inda zan ajiye mataccen ƙarfe, mijina ba zai yarda ba, ni ma ban ga amfaninsa ba. Akwai mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayanmu, na yi masa magana, zai zo da motarsa ranar Asabar."

"Mai ƙarafa," in ji shi.

"Eh, Baba."

Ya san abin da masu ƙarafa ke yi. Sukan ɓaɓɓalle robar da guduma, su ƙone wayoyin don su ciri jan ƙarfen ciki, sauran su ɗora a kan sikeli. 

"Ke, a shekara arba'in wane babur ne ya taɓa gagara ta? Ki zo ranar Asabar da hular kwano."

Ranar Litinin da hantsi ya yaye tamfol. Ƙura ta tashi, gizo-gizo suka watse. Ƙugiyar da take rataya jaka a gaban sirdi tana nan, har da guntun zaren da ta ɗaura mata. Ya kawar da kai. Tayoyin sun lotse, haka ya tura shi har shago, yana tafiya yana hutawa, don gwiwarsa ta dama ta daɗe da yi masa tawaye. Ya sa aka yi wa tayoyin iska, ya zubar da tsohon fetur da ya koma kamar man gyaɗa, ya wanke tanki, ya kwance kafireta mai haɗa fetur da iska ya busa kowace ƙofa tata har sai da ya ga haske ta ciki. Ya sa sabon fulogi. Duk wannan shi kaɗai ya yi, ransa har ya ɗan yi sanyi.

Amma duba tartsatsi aikin mutum biyu ne. Kik yana wannan gefe, fulogi yana can ƙarƙashin sirdi, ba ka iya takawa kana leƙawa. Sitatar babur ɗin kuwa, mai tayar da shi da danna maɓalli, tun Malama na da rai ta mutu, ya yi ta cewa zai gyara mata gobe. A da mai babur ne ke taka masa. Yau mai babur ba ta nan. Dole ya leƙa maƙwabcinsa Mai Guga, wani ƙato mai tumbi da dariya, wanda suka yi shekara tara bango ɗaya amma hirarsu ba ta wuce ina kwana.

"Yau kuma ni ake nema? Ashe ina da rana!" in ji Mai Guga, yana ajiye dutsen guga. "To, Baba, in na karya abin nan babu ruwana."

Ya taka sau ɗaya, babur ya yi kuka kamar zai kife. Ya taka sau biyar. Baba Tartsatsi na durƙushe, ya kare fulogi da tafin hannu don hasken rana, ya ƙura ido. Babu komai. Ko ɗan jan nan babu.

A nan ne ya kamata ya miƙa hannu ya zare baƙar waya mai ratsin fari, kamar yadda ya yi wa babura dubu. Hannunsa har ya nufi wajen, sai ya janye. Ya ce a ransa, wannan wayar ana zare ta ne don a kama ɓarnar wani. Babur ɗin nan kuwa tun da aka fito da shi daga kwali babu mahaluƙin da ya taɓa sa hannu a wayoyinsa sai ni. Me zan nema a can? Kun ji fa. Gaskiya ya faɗa, ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki, kuma ita ce ta ɓatar da shi kwana huɗu.

Ranar Talata ya bi ta kan hular fulogi da kwayil, wanda ke ɗaga wuta ya tura wa fulogi. Ya yanke bakin wayar da ya yi tsatsa, ya sake murɗa hular, ya auna kwayil da mita, allura ta tsaya inda ya kamata. Duk da haka ya ciro wani daga cikin kayansa ya gwada. Mai Guga ya taka har gumi ya jiƙa masa singileti. Shiru kake ji.

Ranar Laraba ya kwance murfin gefe ya shiga maganeto, inda wutar take farawa. Ya goge maganaɗisun, ya duba naɗin wayoyin ko ɓera ya ci, ya gyara tazarar ɗan abin da ke gaya wa sidiyai lokacin sakin wuta. Ya sa mita, aka taka, allura ta yi tsalle. Wuta na fitowa daga tushe ke nan, lafiya lau. Tana fitowa, tana shiga akwati, daga nan ta ɓace kamar an shanye ta.

Da yamma Auta ta kira shi. "Baba, ya ake ciki?"

"Saura kaɗan."

"Akwai abin da zan kawo?"

"Na ce miki saura kaɗan."

Ya kashe wayar. Girman kai dai, ba wani abu ba. Ya koma gida, ya tarar da lungun fayau sai tabon baƙin mai a ƙasa. Hannunsa ya ɗaga zai dafa sirdi, bai sami komai ba. Ya hau bene bai yi wa kowa sallama ba, ya sha ruwan shayi a tsaye.

Ranar Alhamis ya ɗora laifin a kan sidiyai. Ya sa wani sabo fil, aka taka, babu. Ya ciro wani daga babur ɗin da ya tabbatar yana tashi, aka taka, babu. Mai Guga ya zauna a bakin shago yana fifita da kwali, yana mayar da numfashi.

"Baba, ni fa ban san komai a aikinku ba, wando da riga na sani. Amma shekara tara ina kallonka ta ƙofar nan. Akwai wata 'yar baƙar waya da kake fara fizge wa mutane kafin ka yi komai. Wannan karon ban ga ka taɓa ta ba."

Ran Baba Tartsatsi ya ɓaci. "Kai za ka koya mini aiki? Na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake karya kwala?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Ƙafata ce ta sa ni magana."

Ya rufe shago da wuri, ya tura babur ɗin cikin shagon Mai Guga inda yake kwana tun Litinin, ko kallon mutumin bai yi ba. A hanya tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Saura kwana ɗaya. Ya fara ganin guduma a kan shuɗiyar robar nan, ya fara tunanin ko dai kansa ne ya fara tafiya bai sani ba.

Ranar Juma'a da sassafe ya riga Mai Guga zuwa, ya tsaya yana jiransa a bakin ƙofa. Bai ba shi haƙuri ba, ba a saba jin wannan a bakinsa ba, amma ya ce, "Zo ka taka mini sau ɗaya." Ya sa yatsu biyu ya zare baƙar waya mai ratsin fari. Mai Guga ya taka.

Ƙyas! Shuɗiyar wuta, mai kauri, har sai da ta haska masa tafin hannu.

"Ga ta! Wallahi ga ta!" Mai Guga ya daka tsalle, tumbi na rawa. "To mayar da fulogi mu tayar da shi, a bar wayar a zare, magana ta ƙare!"

"A bar ta a zare, in ya tashi da me za a kashe shi? In bai wa 'yata babur ɗin da ba ya mutuwa da makulli? Je ka, kayan mutane na jiranka."

Ya mayar da wayar. Yanzu ya san wani abu ne ke zubar da wutar a jikin ƙarfe. Ya kwance gidan makulli ya auna, yana buɗewa yana rufewa yadda ya kamata. Saura hanya ɗaya: ya bi wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi, daga akwati har gaba. Ya cire robar ƙasa inda ake ɗora ƙafa, ya cire ta gaban gwiwa, ya kama damin wayoyin yana lalubawa. Can wajen wuyan babur yatsansa ya ci karo da wani ɗan kumburi. Ya jawo shi fili. Salatif ne, ya tsufa ya yi tauri, an naɗe shi tsaf, a ƙarshensa an bar ɗan kunne.

Naɗinsa ne. Ya ja kunnen, salatif ya warware. Wata siririyar waya ce aka jona a jikin baƙar, ta bi ta bayan roba ta haura. Ya bi ta. Ta kai shi ƙarƙashin ƙugiyar jaka, a wani ɗan loko da ido ba ya gani sai dai hannu ya lalubo. Ɗan makunni ne, bai fi ƙwayar wake ba, an dasa shi a can, ɗaya ƙafarsa a ɗaure da ƙarfe.

Sai abin ya dawo masa, a hankali, kamar labarin wani. Watan farko da ta sayi babur ɗin aka sace na wata abokiyar aikinta a ƙofar makaranta. Malama ta hana shi sakat, kullum sai ya sa mata abin da zai hana ɓarawo tayar da shi. Wata rana da ta ishe shi, tsakanin aiki biyu, ya ɗauki minti goma sha biyar ya dasa mata wannan, ya kama yatsanta ya nuna mata wurin, ya koma kan aikinsa. Bai sake tunawa da shi ba. In ta kawo masa babur juyen mai, a kunne take kawo shi, a kunne take tafiya da shi. Shi bai taɓa hawansa ba.

Ya haska wurin da 'yar tocila. Kan makunnin ya suɗe, ya yi sumul yana ƙyalli, robar da ke kewaye da shi ta koɗe daidai faɗin babban yatsa. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Ashe ba ciwo ne ya sunkuyar da ita ba ranar Larabar nan. Makunninta take dannawa. Ta kashe babur, ta sunkuya, ta sa hannu a ƙasa, kamar yadda ta yi a ƙofar makaranta da ƙofar kasuwa da lungun gida, kullum, shekara goma sha biyar. Shi kuwa sau ɗaya tak ya taɓa ɗaga kai ya gani, shi ya sa bai gane ba. Ya rasa ko sauƙi zai ji ko kuka zai yi. Nauyin da ya ɗauka shekara biyu ya sauka, wani da ya fi shi ya hau. Ya yi kukan, a nan ƙasan shago, tsakanin robobin da ya kwance, ba sauti. Mai Guga ya leƙo zai yi magana, ya gani, ya koma ya ƙara wa rediyonsa murya.

Abin da ya rage ba aiki ba ne, danna makunni ne. Ya sake naɗe jonin da sabon salatif, ya mayar da robobi, ya ɗaure kowane noti. Ya sa yatsa a lokon, ya ji santsin wurin, ya kasa. Duk abin da ta bari an taɓa shi. Tufafinta an bayar, littattafanta makaranta ta karɓa, kofin shayinta shi da kansa ya fasa shi garin wanki. Wannan kaɗai ne a duniya yake nan yadda hannunta ya bar shi. In ya danna, ya goge. In bai danna ba, gobe guduma. Ya sa yatsa ya cire ya fi sau goma, har rana ta yi sanyi, ya tura babur ɗin shagon Mai Guga yadda yake.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta iso da hular kwano a hannu. Bayanta ga mai ƙarafa da tsohuwar motarsa, ya tsaya a tsallaken titi bai kashe injin ba, yana leƙen babur ɗin kamar mahauci. Baba Tartsatsi na zaune a kan kujerarsa, an goge babur yana sheƙi a gabansa.

"Kai, Baba! Kamar sabo!" Ta zagaya shi tana shafawa, idonta ya kawo ruwa, ta mayar. "Ya tashi?"

"Zauna tukuna, akwai abin da zan gaya miki."

Bakinsa ya yi nauyi, yana neman ta inda zai fara. Ita kuwa ta ɗauka kan babur ya ce ta zauna. Ta haye, ta rataya jakarta a ƙugiya, ta murɗa makulli, hannunta ya gangara ƙasa da kansa, ko kallon wurin ba ta yi ba. Ya ji ɗan ƙaran, ƙyat.

"Auta!"

Ta firgita. "Na'am? Me na yi?"

Ya daɗe yana kallon hannunta. "Kin san da shi?"

"Makunnin Mama? Haba, Baba. Ai ni ce mai danna shi da safe in za mu makaranta, ina tsaye a gabanta a nan. In mun isa ita ta kashe. Har faɗa muke yi da su Yaya a kan wa zai danna. Duk gidan wa bai sani ba? Kai fa ka sa mata." Ta tsaya, ta dube shi da kyau. "Baba, ba dai shi ne ya hana shi tashi ba?"

Mai Guga, da ke tsaye a ƙofarsa, ya buɗe baki dariya za ta kuɓuce masa, ya tuna wahalar da ƙafarsa ta sha kwana huɗu. Da ya ga fuskar tsohon sai ya haɗiye ta, ya ce yana jin ƙaurin wani abu, ya shige ciki.

"Taka," in ji Baba Tartsatsi.

Ta sauka ta taka. Na farko ya yi tari. Na biyu ya yi kamar zai kama ya saki. A na uku ya ɗauka, ya tofar da farin hayaƙi, ya yi rawa, sannan ya daidaita. Muryar nan ce, 'yar siririya mai ɗan kaɗawa a ƙasa, wadda yakan ji daga kan bene kowace yamma kafin labarin yaron da ya haɗiye murfin biro ya biyo baya. Ya runtse ido ya saurara. A tsallaken titi mai ƙarafa ya yi tsaki, ya ja motarsa ya tafi.

Auta ta bar shi ya yi zafi, ta gwada hon, ta gwada birki, tana dariya tana share ido. Sannan ta ce bari ta shiga ta yi wa Mai Guga godiya kafin ta wuce. Ta murɗa makulli, injin ya mutu. Ta sunkuya a kan gaban babur ɗin, goshinta ya kusa taɓa kansa, hannunta ɗaya a ƙasa.

Ya san abin da take yi. Wallahi ya sani, jiya-jiya ya gano. Amma sai ga shi tsaye a gefenta, bai san lokacin da ya tashi ba, kujerar ta kife a bayansa, gwiwar ma bai ji ta ba. Hannunsa na kan kafaɗarta.

Ta ɗago a tsorace. "Baba, lafiya?"

"Ke nake tambaya," ya ce. "Babu inda ke miki ciwo?"

"Babu, Baba. Kashe shi kawai na yi."

"To," ya ce. "To, madalla."

Amma bai ɗauke hannun ba, ita ma ba ta ce ya ɗauke ba.